Shekarar da Aka So Cike Kududdufi

A bayan gidanmu akwai kududdufi. Ba wanda ya haƙa shi da niyya. Kakanninmu ne suka yi ta ɗibar ƙasar gini a wurin, wannan ya ɗebi ta ɗaki, wancan ya ɗebi ta rumbu, har ramin ya yi faɗin da yaro ba ya iya jefa dutse ya tsallake shi. Da damina yakan cika fal, kwaɗi su hana mutum jin sallama. Da rani kuwa ya bushe ƙaf, ƙasarsa ta tsattsage, leda da toka su taru a gefensa, awaki su yi ta yawo a ciki. Wanda ya gan shi a watan zafi, fili kawai zai gani da aka bari a banza a tsakiyar gari.

Gidanmu ne na ƙarshe kafin ramin, ɗakin Kaka kuma shi ne na ƙarshe a gidanmu. Kaka mahaifiyar Baba ce. Ɗakin nata na ƙasa ne, mijinta ya gina shi da hannunsa, a ciki ta haifi 'ya'yanta duka. Baba ya sha roƙonta ta koma ɗakin bulo da ke kusa da zaure, takan ce masa ita ba waina ba ce da za a sa ta a tanda.

Garinmu ƙarami ne, a kan hanyar da ta haɗa Isa da Sabon Birni. A 'yan shekarun nan ya cika da jama'a, domin mutanen ƙauyuka da yawa sun baro gidajensu saboda rashin kwanciyar hankali, suka zo suka raɓu da dangi, wasu suka yi 'yan gine-gine a duk inda suka sami wuri. Kasuwa ta yi mana kaɗan. Masu tebur suka cika bakin titi har motar Sakkwato ba ta samun wurin juyawa. Sai 'yan garinmu da ke zaune a Sakkwato da Legas da Maraɗi suka haɗa kuɗi, aka ƙara da wani tallafi da aka samo, aka ce a gyara gari. Aka kafa kwamiti, aka ba Baffa shugabanci.

Baffa ɗan wan kakana ne, ya girmi Baba nesa ba kusa ba. Tsohon hedimasta ne, mutumin da ke juya ambulan ya sake amfani da ita. Kowa ya yarda da zaɓensa saboda wani kango da ke bakin tasha. Ɗakin taro ne da aka fara tun ina firamare, kuɗi suka ƙare ana gab da rufi, aka bar shi jakuna na kwana a ciki. Baffa ba ya wucewa ta wurin sai ya yi tsaki. Ranar da aka naɗa shi ya faɗi sharuɗɗansa: ba za a fara abin da ba za a iya gamawa ba, ba za a ci bashi da sunan gari ba, kuma duk abin da aka gina sai ya zama yana da hanyar riƙe kansa.

Daga nan ne shawarar cike kududdufi ta fito. Za a zuba masa ƙasa, a gina shaguna a kai, kuɗin hayarsu ya riƙa gyara rijiyar burtsatse da magudanan ruwa duk shekara. Sauro zai ragu, iyaye kuma su daina fargabar yara da damina. An ɗauko injiniya daga Sakkwato, ya yi kwana uku yana auna gari, ya zana taswira. Baffa ya sanar bayan sallar Juma'a, jama'a suka yi ta sa albarka.

Lokacin ina shekara ta biyu a kwalejin horon malamai, ina karanta ilmin ƙasa, na zo hutu a cikin bazara. Ni ba mai magana ba ce. A aji ma, in na san amsa, nakan rubuta ta a gefen littafi in jira wani ya faɗa. Wata ranar Asabar Baffa ya zo da taswirar ya nuna wa Baba a tsakar gida. Na kawo musu fura zan juya, sai ya ce, “Ke 'yar boko, zo ki ga irin karatunku.”

Na durƙusa na duba. Zanen yana da tsabta. Ga tituna, ga lunguna, ga 'yan kibiyoyi suna bin titi suna nuna yadda ruwa zai gangara zuwa kwalbatin babbar hanya. Gidaje kuwa akwatuna ne farare, babu komai a cikinsu. Wani abu ya tsaya mini a rai, amma ban iya kama shi ba. Na ce, “Ya yi kyau, Baffa.”

Kaka ce ta kama shi. Da Baffa ya leƙa ɗakinta ya gaishe ta, ko amsa gaisuwar ba ta gama ba ta ce, “An ce za ku cike rami. To ruwan hwa, ina za shi?”

“Inna, an yi mishi hanya. Lambatu za a yi, na siminti, shi bi titi shi hita gari.”

“Ruwan unguwag ga? Shi bi titi? Yaushe ka taɓa ganin shi bisa titi?”

Baffa ya yi dariya irin wadda ake yi wa tsofaffi. Ya ce injiniya ya auna komai da na'ura, kuma in ma ɗakin take tsoro, ai ga na bulo can yana jiranta. Ya ajiye mata goro ya fita.

Da yamma Kaka ta tsare Baba. Ta ce ya je ya gaya wa wansa cewa in aka cike ramin, damina ɗaya za ta kwantar da ɗakinta. Baba ya sunkuyar da kai. Ya ce Baffa ya riga ya yi magana a gaban jama'a, shi ƙarami ba zai je ya warware ba, kuma ba shi da abin da zai nuna sai maganar baki. Ya ce in ruwa ya sauka zai kwashe mata kaya da kansa.

“Sai dai ka ɗauke ni da gadon,” in ji Kaka. “Injiniyan ya shigo nan? Ya shiga gidan wa?”

“Haba Inna, ina za shi shiga gidan mutane?”

Ina zaune ina tsince wake na ji wannan tambaya da amsarta, sai na gane abin da ya dame ni a taswirar. Baƙo namiji iyakarsa zaure. Injiniya ya auna abin da aka bar shi ya gani, wato titi da bayan katanga. Bayan katanga kuwa duk kaka sai maza sun yi masa sabon yaɓe, domin shi ne idon jama'a ke gani, saboda haka babu sawun ruwa ko ɗaya a jikinsa. Kuma lungunanmu sun fi tsakar gidajenmu tudu. Shekara da shekaru ana zuba toka da shara da ƙasar rusasshen gini a waje, har hanya ta hau, gidaje suka zama kamar kwano. Ruwan da ya sauka a cikin gida ba ya iya hawa titi. Ta rariya yake fita, 'yar kafar nan da ake bari a gindin katanga, ya faɗa gidan maƙwabta, daga nan ya wuce na gaba. Na san haka tun ina yarinya. Ban dai taɓa tunanin abu ne da ake zanawa ba.

Washegari na shiga ɗakin Kaka da rula ta makaranta a hannu, na ce za ni auna inda ruwan bara ya kai. Ta kalli rular ta kalle ni.

“Da wagga 'yar tsinke? Malama, ki tai bayan rumbu ki zaro kara. In kin ga inda ruwa ya tsaya, ki yanke shi daidai nan. Kowa ya iya karatun kara.”

Haka na yi. Na zaɓo karan dawa miƙaƙƙu, na ɗauki 'yar wuƙar Inna mahaifiyata da zare da littafina. A kowane gida nakan tambayi matar gidan inda ruwa ya kai bara, sannan in nemi sawunsa da idona a jikin katangar ciki, wani farin layi kamar na kanwa da danshi ke bari. In tsayar da kara a ƙasa, in yanke shi daidai layin, in ɗaura masa 'yar takarda mai lamba. A littafi kuma in rubuta daga wane gida ruwa ke shigo musu, rariyarsu kuma gidan wa take zubawa. In maganar matar gida ta saɓa da layin, nakan ɗauki wanda ya fi ƙasa. Ba na son a kama ni da ƙari ko na yatsa ɗaya.

Shiga gidajen ne ya fi ba ni wahala. Nakan tsaya a zaure in maimaita sallamar a zuciya kafin in yi ta. Gida na biyu da na shiga na wata gwaggo ce mai ƙuli. Tana ganin littafi da biro ta saki ludayi.

“An fara rubuta suna? Ki sa ni da ɗiya takwas da marayu biyu.”

“Gwaggo, ba tallahi ba ne. Ruwa nika aunawa.”

“Ruwa? Yanzu da ranin ga? Kai, boko bai bar mu ba. Ku zo ku ga ɗiyar gidan malam ta zo auna ruwan bara!”

Matan gidan suka fito suna dariya, ni kuwa kamar in nutse. Amma da na tambayi inda ya kai, dariyar ta koma gardama. Wannan ta ce ya kai gindin turmi, waccan ta ce ƙarya ne, ya hau dutsen niƙa har ya tafi da muciya. Gwaggo ta ja ni bayan madafi ta nuna mini rariyarsu, an toshe ta da tsumma da rabin tubali saboda kaji. Ta ce in hadari ya haɗo, ta sama takan ɗaga murya ta kan katanga ta ce a buɗe, ta ƙasa ta cire tsumma ita ma ta kira ta gabanta, a yi ta miƙawa har kiran ya kai gidanmu. Ko ba ku ga maciji da maƙwabciya, ba a hana ta rariya. Ta ce akwai wadda suka yi shekara ba sa gaisawa, amma ko sau ɗaya ba ta bar mata ruwa a gida ba.

Na ce, “Maza sun san haka?”

“Suna gona, ko suna kasuwa, ko suna zaure suna jiran a ɗauke. Su dai su shigo su iske an share.”

Daga ranar labari ya riga ni shiga gidaje. Ina sallama za a ce ga mai kara ta zo. Wasu sukan yanke nasu kafin in iso, sai in ba su haƙuri in sake aunawa da kaina.

A gefen gabas na ramin akwai sababbin gidaje na waɗanda suka yi hijira. A ɗaya daga ciki na sami wata mata da ta zo daga wani ƙauye na wajen Gangara, ita da 'ya'yanta mata uku. Ɗaki ɗaya ne da zana. Ban tambaye ta komai ba ta nuna mini layin, ya kai mini cinya. Ta ce bara a kan buhunan gero suka wuni a tsaye. Na ce ko ta gaya wa mai unguwa. Ta ce, “Mu baƙi ne, an ba mu wuri. Ba mu son yawan magana.” Karan gidanta ne mafi tsawo a cikin duk waɗanda na yanka.

Kwana tara na yi, gida talatin da ɗaya. Da na zauna na haɗa layukan a takarda, sai ga hanyoyi uku na ruwa suna ratsa cikin gidaje, babu wadda ta taɓa titi. Biyu suna faɗawa ramin ta gabas. Ta ukun, wadda ta fi tara gidaje, tana ƙarewa ne a rariyar da ke gindin ɗakin Kaka.

Saura kai wa Baffa. Na yi kwana biyu ina shirya abin da za ni faɗa, har na rubuta shi. Da hantsi na ɗauki damin karan na tafi gidansa, na tarar ya fita. Matarsa, wadda muke kira Inna Babba, ta ce in jira. Zama ya gagare ni, sai na kwance damin na jera karan a jikin katangar tsakar gida daga gidan da ya fi tudu zuwa na bakin rami. Da na ja baya na duba, ni kaina na yi mamaki. Sun tashi kamar matakala.

Baffa ya shigo da carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi, duk abin da na haddace ya gudu.

“Wanga mi ne? Makamashi kika kawo muna?”

“Tsawon ruwa ne, Baffa.”

“Wane ruwa?”

“Na bara. Cikin gidaje.”

Ya matsa kusa, ya sa tabarau, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana karanta lamba. Na miƙa masa takardar da na zana. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya zaro kara na huɗu, wanda bai wuce taki ɗaya ba.

“Wanga gidan wa?”

“Gidanka ne.”

“Gidana ruwa bai shiga.”

Inna Babba tana bakin murhu, ko juyowa ba ta yi ba. “Malam, shina shiga. Daga gidan liman shika zowa, in buɗe mishi shi wuce gidan mai ƙuli. Shekara talatin ke nan. Kai dai tabarma kaka iskewa bisa igiya, ba ka taɓa tambayar mi ya jiƙa ta ba.”

Baffa ya mayar da karan wurinsa ya juyo gare ni. Na ga ransa ya ɓaci, kuma na san ba da ita yake ba.

“Kin san na riga na hwaɗi gaban jama'a? Kin san mutum nawa sunka zo sunka ce in aje musu shago?”

“Na sani, Baffa.”

“To don mi ba ki yi magana ba ranar da na nuna miki takarda? Cewa kika yi ya yi kyau.”

“Ban da abin nunawa a lokacin.”

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. “Ban ce kin yi daidai ba. Kara ba na'ura ba ne. Za ni kira injiniya shi zo shi gani. Kar kowa ya taɓa su.”

Injiniya ya zo ranar Laraba a motar farko. Bayarabe ne haifaffen Sakkwato, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Baffa ya aika gida-gida a gaya wa masu gida, aka nemi izini, mata suka yafa mayafi, sannan suka fara shiga, ni ina gaba da littafi. A gida na uku injiniya ya daina magana. Yakan kafa na'urarsa a lungu ya duba, ya shiga ciki ya kafa ya duba, ya rubuta. A gidan mai ƙuli ya karɓi buta ya tsiyaya ruwa a tsakar gida, muka tsaya muna kallo ruwan ya juya wa ƙofa baya ya nufi bayan madafi.

Da muka iso gidanmu Kaka na zaune a bakin ɗakinta. Tana jin ko wane ne ta gyara zama, domin tsakanin Gobirawa da Yarabawa akwai wasa tun na da.

“A'a, ashe bawanmu ne anka ba aikin! Shi ya sa. Kai da garinku ruwa ke bi ta bisa kai, mi ka sani ga ruwan Gobir?”

Ya durƙusa yana dariya. “Iya, ku da kunka tsage fuska don kar ku ɓace muna? Ai ni na zo duba dukiyata ne.”

“To duba da kyau. Ga rariya can. In ka cike rami, nan za ni aje gadona cikin shagonka, kuma ba ni biyan haya.”

Ya je ya duba rariyar, ya zaga bayan ɗakin ya dubi ramin, ya dawo ya tsuguna kusa da Baffa. Ya ce, “Malam, titi na auna, ban auna gida ba. Laifina ne, ya kamata in tambaya.” Ya bayyana cewa in aka cike ramin, ruwan gidajen nan duka ba shi da wurin zuwa sai ya taru a gidanmu da na gabas. In kuma ana son a fitar da shi har babbar hanya, sai an yi lambatu mai zurfin da zai cinye abin da ya rage bayan kuɗin tifofin ƙasar ciko. Shagunan ma a kan cikon ƙasa za su zauna, sai an yi musu tushe mai tsada, in ba haka ba su tsage.

Baffa ya ce, “In anka bar ramin hwa?”

“In anka bar shi, aikin da za ku biya ni in yi da siminti, shi ya daɗe shina yi muku kyauta. Sai dai a yashe shi, a kewaye shi.”

Ban je taron da aka yi ba, ba wurin zuwana ba ne. Baba ne ya ba mu labari. Ya ce Baffa ya sa an ɗauko karan an jera a jikin bangon makaranta, sannan ya miƙe ya ce maganar da ya yi ranar Juma'a ya yi ta ne bisa kuskure, ya janye. Wani ɗan kasuwa mai kai kaya Maraɗi ya tashi da faɗa, ya ce ya riga ya yi odar kantoci, yanzu saboda karan dawa za a fasa? Baffa ya ce masa ya je ya zaro lamba goma sha bakwai, na gidansa, ya kai wa matarsa ya tambaye ta. Aka yi dariya, ɗan kasuwar bai yi ba. Ya fice daga taron, kuma ya daɗe ba ya gaida Baba.

Sabon shirin bai kai na farko kyan gani ba. Shaguna ba su kai rabin waɗanda aka yi alkawari ba, kuma a kangon bakin tasha za a yi su, tunda tushensa da bangonsa suna nan da ƙarfi, rufi da ƙofofi kawai yake so. Ramin kuma aka ba masu tubali izinin ɗibar ƙasa daga tsakiyarsa inda injiniya ya kafa turaku, suna samun ƙasa, gari na samun zurfi. Samari suka yi gayya suka kwashe shara, aka kewaye shi da waya saboda yara. Aka ware wani kaso na kuɗin aka ce ba mai taɓa shi sai gyara ya taso. Hanyoyin ruwa uku kuwa za a yi musu lambatu ɗaya bayan ɗaya, gwargwadon abin da ke hannu.

A nan ne abin ya taɓa mu. Kuɗin bana na hanya ɗaya ne, Baffa kuma ya ce da ɗaya daga cikin na gabas za a fara, inda kara ya fi tsawo. Tamu sai baɗi, in hayar shaguna ta fara shigowa. Baba ya je ya same shi a keɓe, ya ce ko siminti ne a karɓo bashi, ɗakin tsohuwa ba zai jira baɗi ba. Baffa ya ce in ya fara da gidan danginsa, ko ya ci bashi saboda su, ba wanda zai ƙara ba gari ko sisi. Ni kaina na ji haushi. Na yi kwana tara ina yawo saboda ɗakin Kaka, ga shi an sa shi a layi na biyu, kuma da karan da na yanka da hannuna aka yanke hukuncin. Abin da Baba ya iya yi shi ne ya faɗaɗa rariyar, ya yi wa gindin ɗakin dabe da 'yan buhunan siminti biyu daga aljihunsa. Na koma makaranta zuciyata ba daɗi.

Na dawo hutu a tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai. Ruwan da muke tsoro ya zo ranar kasuwa, bayan azahar, maza duk ba sa gida. Tun kafin ya sauka na ji kiran yana gangarowa daga sama, murya bayan murya ta kan katanga, har maƙwabciyarmu ta ce, “Ku buɗe!” Inna ta cire tubalin. Ruwa ya shigo ja wur, ya cika tsakar gida kafin a ce me. Ni da Inna muka kama kwarfa da kwano muna turawa wajen rariya. Kaka na kan gadonta, ta naɗe ƙafa, ta ce ba inda za ta.

Ya hau dabe. Ya kai dokin ƙofa saura yatsa biyu. Na tsaya cikin ruwa har ƙwauri ina kallon wurin, na kasa ɗauke ido. Bangon madafi ya jiƙe ya zube gefe guda, tukwane suka bi ruwa. Ana cikin haka sai ga matar nan ta gabas ta shigo da 'ya'yanta uku, kowace da roba a hannu. Ta ce nasu gidan ko tabarma ba ta jiƙe ba, sun ji rugugin bango ne suka zo. Muka zama mu shida muna kwarfa. Can sai na ji ƙarar rariyar ta canza, ta fara ja da ƙarfi. Ramin da aka yashe yana karɓa. Ruwan ya tsaya a inda yake na wani lokaci, sannan ya fara sauka.

Gab da la'asar Baffa ya yi sallama, ya naɗe wando har gwiwa, takalmi a hannu. Ban taɓa ganinsa cikin gidanmu ana ruwa ba. Ya dubi madafin da ya zube, ya je ya shafa bangon ɗakin Kaka, ya leƙa ciki.

“Inna, ya ruwa?”

“Ya zo gaishe ni, ya tsaya bakin ƙohwa. Ya hi ka ladabi. Kai marowaci, lambatunmu sai yaushe?”

“Baɗi, in Allah ya so. Shago shida sun kama haya.”

“To ka yi sauri, ni ba ni da baɗi da yawa.”

Ya juyo ya same ni ina matse zane. Ya ce kafin in koma makaranta in auna masa na bana, gida-gida kamar wancan, har da unguwar yamma da ba a taɓa aunawa ba, kwamiti na so. Na ce to.

Lambatunmu ya iso bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, ya makara kaɗan saboda siminti ya yi tsada kuma Baffa ya ƙi taɓa kuɗin gyara. Hanyar da ta rage har yanzu ba a gama ta ba. Baba ya sake gina madafi, da ƙasar da ya ɗebo daga tsakiyar ramin. Kaka tana nan a ɗakinta, ta sa an yi masa sabon yaɓe ciki da waje, kuma ta ce da na ciki za a fara.